Salular da Ke Zuwa Kiwo

Ranar Litinin ta makon jiya, da la'asar, ina tankaɗe a ƙofar ɗaki, Illo makiyayin garinmu ya yi sallama. Ya sauke jakar saluloli daga kafaɗa, ya laluba ya ciro tawa mai ɗaurin jan zare ya miƙo mini. Har ya juya zai tafi, sai ya waiwayo kamar wanda ya tuna ya bar sandarsa a daji, ya ce, “Af, Inna Sahura, ɗanki ya kira.”

Rariya ta suɓuce mini, gari ya watse, kaji suka samu biki.

Bari in yi wa mutanen birni bayani, don na san wani zai ce me salular tsohuwa take yi a jakar makiyayi. Garinmu yana cikin kwari, can gefen Kiyeshe. Rezo, wato layin da salula ke kamawa, ba ya sauko mana. Ban san abin da muka yi masa ba, yana dai tsayawa a kan tudun da shanu ke kiwo, ya leƙo mu daga sama. Saboda haka kullum da safe, in za a kora dabbobi, kowace mace ta miƙa wa Illo awakinta ta miƙa masa salularta. Ya je ya rataye jakar a reshen aduwa, su wuni suna shan saƙonni, da yamma a koro su gida tare da tumaki. Haka muke. Wadda aka haifa mata jika da hantsi, sai ta ji labari bayan an tatsi nono.

Ɗan nawa kuwa Abdulwahabu ne, shi kaɗai ya rage mini namiji. Shekara uku ke nan da ya tafi cirani, ya wuce Agadas ya yi arewa. Ba shi da salula tasa. In ya samu ta aro sai ya buga lambata, don ita kaɗai ya haddace. Rabon da in ji muryarsa tun damanar bara waccan.

Na ce, “Illo, mi ya ce?”

“Shina gaishe ki.”

“Sai mi?”

“Ya ce ko kina lahiya. Na ce ai jiya ma na gan ki kina zagin awakin Ladidi. Ya yi dariya.”

“Wane gari shike? Yaushe za shi zo? Ya yi aure? Shina cin abinci?”

Illo ya sosa ƙeya ya ce, “To, nan ne fa bijimin maigari ya nufi gonar waken mutane. Na ce mishi ya dakata. Kahin in dawo ya katse.”

Ban zagi Illo ba, Allah ya sani. Da bijimin ya ci waken, shi za a kai ƙara. Washegari Illo ya buga lambar da aka kira da ita, wani ya ɗauka ya yi ta Larabci ya kashe. Na goyi yaro, na yaye shi, na zauna jiran muryarsa har idona ya fara hazo, sai ga shi makiyayi ne ya ji dariyarsa.

Kada ku ce manya sun manta da mu. A'a, wallahi suna tunawa. Mai Girma Sarkin Aza Tubali, Allah ya ƙara masa tumbi, ya zo garinmu har sau biyu, kuma duk sau biyun ana saura wata ɗaya zaɓe. Mota goma sha bakwai na ƙirga da idona, sun zo aza bulo ɗaya. Mu mata aka sa mu shara tun asuba, muka dama fura, muka yi guɗa har maƙogwaro ya bushe. Ya ce za a kafa mana ƙarfen rezo wanda ya fi giginya tsawo, har wanda ke cikin rijiya zai yi magana da Makka. Da ya dawo karo na biyu, sai ya aza sabon bulo a kan na farko, aka tafa. A gaskiya aikin ya yi kyau. Duk garin nan babu wurin shanya kuɓewa kamarsa.

Shi ma kampanin salula bai yar da ni ba. Kiran ɗana ne kawai ba ya iya kawowa, amma nasa saƙon ko ana ruwa da iska sai ya iso. Ladidi maƙwabciyata, wadda ta yi aji uku a lakwal take ganin ta gama boko, ita ke karanta mini. “Sun ce ki danna ɗaya a sa miki waƙa.” “Sun ce ki danna biyu ki ci mota.” Ita ce kuma ta ce mini akwai wani kampani da rezonsa ke taɓa saman rumbunta, in mutum ya hau tsani ya ɗaga hannun hagu. Na ce shi ke nan, tsani ya fi tudu kusa. Zan je in rabu da waɗannan in koma can.

Laraba na hau kabu-kabu zuwa Dogon Dutsi. Muna shiga gari mai babur ya ce sai ya sha esansi. Muka tsaya layi a gidan mai tun hantsi har aka kira azahar, muna kallon motoci masu baƙin gilashi suna shigowa ta ƙofar fita, a cika musu, su wuce. Na ce wa mai babur kada ya ji haushi, ƙila aza bulo za su je.

Biron kampanin kuwa, wato ofishinsu, sanyi kamar cikin randa. A bango an manna hoton wata mata a tsakiyar gona, salula a kunne, tana dariya har ana ganin dasashinta. Na tsaya na dube ta sosai ko zan gane gonar, in je in yi aron gefe.

Wanda ya karɓe ni sunansa Mushe Hakim, da igiya a wuya da turare. Na zayyana masa komai. Ya juyo mini da na'urarsa ya nuna mini wani zane.

“Mama, kin ga nan? Garinku ke nan. Kin ga kore ne? Ma'ana rezo ya rufe ku gaba ɗaya.”

Na ce, “Ɗana, ni ban yi lakwal ba, amma na san kore. Ka ciro mini zanen wanga in tahi da shi gida in riƙa sa shi a kunne.”

Ya yi murmushin da ake yi wa mahaukata, ya ce wataƙila salulata ce ta tsufa.

“Salula arba'in na garinmu duk rana ɗaya sunka tsufa? Kira mini babbanku.”

Ya ce Shef ya tafi Yamai taron inganta rezo, sai bayan mako biyu. Na ce Allah ya inganta, ni dai a sallame ni. Ya kawo takarda ya ce sai an shigar da ita na'ura, na'ura kuma ta ce babu rezo. A cikin gidan rezo! Ina zaune ya buɗe aljihun tebur, ya ciro wata ƙaramar salula, ya fita bakin ƙofa yana magana ƙasa-ƙasa. Mai gadi ya raɗa mini cewa ta ɗayan kampanin ce, da ita suke kiran junansu in abu ya yi tsanani.

Da ya dawo ya buɗe tawada, ya kama babban yatsana ya dangwala, ya nuna mini inda zan danna. Yatsana yana sama, na ce, “To, lambata fa? Da ita zan koma can ko?”

“A'a, Mama. Lamba ta kampani ce. In kin soke, bayan 'yan watanni sai a ba wani.”

“Wane wani?”

“Duk wanda ya zo saye.”

Sanyin ɗakin nan sai ya shige mini har ƙashi. Na ga Abdulwahabu a wata ƙasa, ya roƙi wani Balarabe aron salula, ya buga lambar uwarsa, wani ƙato ya ɗauka ya ce, “Ba mu san ta ba.” Me yaro zai ɗauka? Zai ce na mutu, an raba kayana. Daga ranar ba zai sake bugawa ba.

Na janye hannuna na goge tawadar a gefen teburinsa. Ya ce, “Mama, kin fasa?” Na ce, “Kun iya ɗauri. Ko akuya ba a ɗaure ta haka.” Ya ce suna godiya da na ci gaba da zama tare da su.

Alhamis da safe na ɗauki tabarma da butar ruwa na bi garke. Ladidi ta leƙo ta kan danga tana ihu, “Illo, an ƙara maka tsohuwar saniya! Ka kula da ita, tana harbi!” Na ce mata in na dawo za mu gauraya. Gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na huta sau biyar kafin in kai gindin aduwa. Na zauna, salula a cinya, ƙuda na bin fuskata. Ranar farko shiru. Ta biyu waƙa suka so sa mini. Ta uku mota.

Rana ta huɗu, wajen azahar, ta yi ƙara. Ƙarar kira, ba ta saƙo ba. Don sauri har na kusa danna jan maɓalli. Na ce, “Abdu? Abdu, ina jin ka!”

Sai wata murya mai zaƙi kamar an sa mata zuma ta ce, “Barka da rana, Hajiya. Sunana Amira, daga kampaninku nake. Muna so mu ji ko kin gamsu da aikinmu.”

Jama'a, shekara uku nake tara wa mutanen nan magana. Ga kunnensu yau a hannuna, rezo cike, ba mai katse ni. Na gyara zama, na tofar da goro, na ja numfashi. Illo ma ya matso da sandarsa don ya sha kallo.

Sai wani abu ya faɗo mini. In ina kan layi da ita, yaron ya buga, zai ji ana magana. Salular aro ce, ba a ba mutum sau biyu.

Na ce, “Komi lahiya, ɗiyata, na gode,” na kashe.

Yau kwana shida ina hawa tudun nan, kuma gobe ma zan hau. In kun ji an faɗa a rediyo cewa an tambayi mutanen karkara sun ce sun gamsu da rezo, don Allah kada ku ce ƙarya suka yi. Ni ce.