Intanet a Kan Benen Hajiya Tabawa

Wani abokina injiniya, Sadisu, ya samu aiki a wani sabon kamfani da ya ci alwashin wadata garinmu kaf da intanet mara waya. Wai ko a kasuwa kake, ko cikin adaidaita, ko kana bin layi a asibiti, buɗe wayarka kawai za ka yi ka shiga. An yi bikin ƙaddamarwa a otal, an sha lemo, an tafa. Da aka zo aiki sai ga shi na'urar tana son wuri mai tsayi, kuma a duk unguwar da aka ba Sadisu bene ɗaya ne tak, na Hajiya Tabawa, tsohuwar dillaliyar atamfa wadda ba a taɓa yi mata wayo a ciniki ba. Ogansa ya ce ko ya kafa na'ura a kan benen nan kafin Juma'a, ko a ba wani aikin.

Sadisu ya sa hular kwano da rigar kamfani, ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ya yi bayani ya fi na minti ashirin tana jan carbi tana kallonsa. Da ya gama sai ta ce, "To ɗan nan, na ji. In an ɗauke wuta fa?"

"Ai Hajiya da sola za mu haɗa, har da batura."

"In ɓarayi sun haura sun kwance baturan?"

"Za mu sa maigadi."

"A saman ɗakina? Ƙato ya zauna yana leƙa tsakar gidan maƙwabta, ni ce da zagi?"

Sadisu ya share gumi. Ya ce bari dai ta gani da idonta. Ya zaro waya, ya ce daga na'urar da suka kafa a unguwar gaba zai kira mata 'yarta da ke aure a Jos, su ga juna ido da ido. Ya danna. Wani ɗan zobe ya fito a fuskar wayar yana juyawa. Ya ɗaga hannu sama, ya matsa gindin darbejiya, ya taka turmi ya hau. Zoben nan bai fasa juyawa ba.

Hajiya ta ce, "Sauko kar ka fasa min turmi. Wannan mai juyin ita ce Hadizar tawa?"

"Wallahi Hajiya hadari ne ya ɗan taso, shi ya sa. Kuma kin ga amfanin benenki ke nan." Ya dawo ya sake durƙusawa, ya marairaice. "Ki taimaka, aikina ne a hannunki. Na rantse miki, nan da wata shida intanet zai zama kamar ruwan famfo a garin nan. Kowane gida, buɗewa kawai za a yi."

Hajiya ta ajiye carbi, ta gyara mayafi.

"Kamar ruwan famfo ka ce?"

"Sak, Hajiya!"

"To bar min benena, ɗan nan. In ya iso na saya a wajen 'yan garuwa."