Fuskata a Bango, Sunana a Ja

Yau da hantsi na ci karo da kaina a ƙofar asusun bashin garinmu. Ga ni nan a bango, ƙaton hoto ya fi ni tsawo, ina dariya da tiren masa a ka, an rubuta a ƙasa da Faransanci wai mace abin koyi. Na gai da hoton, na shige. Madam mai zaman taga ta danna na'urarta, ta ɗago.

"Salamatou, har yanzu sunanki ja ne. Babu bashi."

Na ce, "To Madam, waccan ta bangon fa? Ku ba ta, sai ta miƙo mini." Ko murmushi ba ta yi ba.

Bari in koma muku baya. Maigidana ɗan dako ne a tashar manyan motoci nan Malanbil. Da motocin suka daina tsallaka gada, aiki ya mutu, bashin da na ɗauka don jarin masa ya shige tukunyar tuwo. Mun ci, ban musa ba. Amma na biya. Na sai da keken ɗinkina, na zuba kwasar adashena gaba ɗaya, har tarar jinkirin da suka ɗora. Na'ura dai ta ƙi hucewa.

Yanzu an ba maigidan nawa aron fili a ƙauyen Garou, bakin ruwa. Iri da taki kawai yake jira kafin lokacin albasa ya wuce. In ya wuce, surukata ta riga ta yanke: ɗiyata Rahina ta bar lakwal, wato makaranta, ta ɗauki talla. Ni kuwa na ce yarinyar nan ba za ta yi yawon tasha da tire ba ina numfashi.

Ana haka shugabannin asusun, Masu Girma Iyayen Hatimi, suka tausaya mana. Suka ce duk mai jan suna ta zo taron koyon tattali, a ba ta takarda, a wanke ta. Don tsabar sanin halin talaka kuma, suka sa taron ranar kasuwa.

Maƙwabciyata Munawwara ta leƙo ta katanga. "Ke, wace irin dabara ce wagga? Mu bar ranar samu mu tahi koyon ajiya? Mi za mu aje?"

Na ce, "Yi shiru, sun hi mu karatu."

Allah ya saka musu, taro ya yi kyau. Ga rumfunan haya, ga lasifika, ga riguna masu tambarin asusu. Motocin manya a jere, injin na ruri tun safe don kada sanyin ciki ya gudu, a garin da 'yan kabu-kabu ke bin layin isansi, wato fetur, har su manta sunayen 'ya'yansu. Babban Malamin Tsimi, wanda tumbinsa ya riga shi hawa dandamali, ya bayyana mana cewa almubazzaranci ne ya hana mu arziki. Muka tafa. Azahar ta yi, aka shige da kulolin kaji ɗakin manya, mu aka raba mana ruwan leda da alƙalami.

Ni da ma ban yarda ƙullun da na kwaɓa wa kasuwa ya yi tsami a banza ba. Da kaskona na zo, na ɓoye bayan rumfa. Na gyara goyona, na hura wuta. Mata cike da wuri, kowa da yunwa. Kafin la'asar ƙullu ya ƙare, har direbobin manya sun saya. Sai ga wani Mai Girma ya fito yana sakace, ya gan ni, ya ɗaga hannu sama.

"Kun gani! Tun ba a tashi ba horonmu ya fara aiki!"

Mai hoto ya ɗora mini tire a ka, aka ce in yi dariya. Takardar wanki kuwa sai an sa hannu, mai sa hannun ya tafi kudu wani taron tattalin.

To, da Madam ta kore ni yau, na fito ina tunanin me zan ce wa Rahina. Na biyo ta shagon Alhaji Ango mai iri da taki, wanda watan jiya da kai kawai yake amsa gaisuwata. Sai ya miƙe tsaye.

"A'a, Hajiyar bango! Mutanen ga da ba su yarda da kowa sunka liƙa ki a ƙofa? Mi kike so?"

"Iri da taki, Alhaji, amma biya sai an cire albasa. Kuma gaskiya ɗaya ce, na'urarsu ta ce sunana ja ne."

"Na'ura ta taɓa zuwa kasuwa? Duk garin ga ya san huskarki yanzu, ina za ki gudu? Turo maigida da amalanke."

Maigida ya je ya kwaso. Gobe Rahina za ta rataya jakarta kamar kullum.

Roƙona ga Masu Girma guda ne. Sunan nan ku riƙe abinku, babu gaggawa, ku gama tarukanku a tsanake. Hoton dai a taimaka a ƙara masa gam. Kusurwar ƙasa ta fara ɓallewa, kuma na ga akuyar mai gadi tana yi masa wani irin kallo.