Jatau da Farantan Maraɗi

A ƙarshen wani ƙauye, inda hanya take ƙarewa, akwai wani wawa mai suna Jatau. Su biyu ne a gidan, shi da yayarsa Tabawa. Tun da mijinta ya rasu ƙafa ta ɗauke daga gidan. Abin da ya bar mata farantan tangaran ne guda shida da ya sayo a Maraɗi. Takan ce, "Can asiyet suke ce musu, da bakin Faransa. Na baƙi ne." Baƙin kuwa ba su taɓa zuwa ba.

Wata rana ta ce, "Jatau, share min su, amma kada hannunka ya taɓa." Ya durƙusa yana hura su da baki tun hantsi har azahar, sai da jiri ya kayar da shi. Ta tarar da shi a kwance, ya ce, "Yaya, saura biyu."

Wata rana za ta kasuwa ta ce, "Kada ka bar su su kaɗai." Ya jera su a kan tabarma, ya zauna yana ba su labarin akuyarsa da ta ɓata. Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare. Ya ce, "Ba sa amsawa, amma ba sa tashi su tafi." Ba ta yi masa faɗa ba. Ta shige ɗaki ta daɗe.

Wata rana, ranar Sallah, ta yi tuwo ta share tsakar gida, ta zauna jiran sallama har la'asar. Shiru. Ta dubi farantan, idonta ya cika da ƙwalla, ta ce, "Kwashe min su, ka kai wa masu mutane!"

Jatau ya bi gida-gida yana tambaya, "Kuna da mutane?" Duk inda aka ce e, sai ya miƙa ɗaya ya wuce.

A garin kuwa ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam. Matan gidajen suka ce, "Faranti ba komai, ranar Sallah? Anya Tabawa lafiya?" Kafin magariba ga mata shida sun yi sallama, wannan da waina, waccan da naman kaza. Suka zauna, aka ci, aka yi hira har Tabawa ta ji muryar dariyarta ta zame mata baƙuwa.

Jatau ya leƙo a tsorace. "Yaya, sun dawo da su. In sake kaiwa?"

Ta goge ido da gefen zane. "Bari in wanke tukuna."