Sai Albasa Ta Yi Shiru

"Lafiya lau, Amarya, sai dai kin makara. Tun shekaranjiya na sake ki."

"Ka saki wa? In na tafi wa zai kwashe ka? Matsa in wuce, Ango, ka tare ƙofa sai ka ce kai ka gina ta."

"Ni na gina ta mana."

Gaskiyarsa kuwa, shi ya gina ta. Tsohon nan mai gyaran rediyo ne, tun zamanin da mutane ke kai abu gyara in ya lalace. Ita kuma jikarsa ce, 'yar babban ɗansa, tana aiki a shagon sayar da waya. Tun tana rarrafe yake kiranta Amarya, ita kuma da ta iya magana ta rama da Ango, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun wanke juna tas ba.

Sai dai yau ba tsokana kaɗai ta kawo ta ba. Tun da kakarta ta rasu tsohon ke zaune shi kaɗai. An kawo masa mai aiki ya kore ta, an ce a riƙa aiko masa da abinci ya ce shi ba maraya ba ne. Da babanta ya zo ya ga ƙafafunsa sun kumbura, ya koma gida ya yanke hukunci: ta je ta gani da idonta, in tsohon ba ya cin dafaffen abinci, ƙarshen mako a zo da mota a ɗauke shi a rufe gidan. Tsohon ya san da maganar, kuma wallahi ya fi tsoronta a kan ciwon ƙafar.

Tana shiga falo ta hango kwalin taliyar leda da ta kawo masa kwanakin baya. Ta leƙa ciki.

"Iye! Har ya kusa ƙarewa? Ashe kana ci. Baba ne yake ta tayar da hankalinsa a banza."

"Ina ci mana. Abin da amarya ta kawo ai ba a raina shi, ko da tsakuwa ne. Wannan kuwa da kaɗan ya fi tsakuwa."

Ta wuce kicin tana dariya, dariyar ta tsaya a bakin ƙofa. Tukwane a kife suke yadda mai su ta bar su. Gizo-gizo ya yi saƙa daga murhun gas zuwa taga, har ya yi iyali.

"Ango!"

"Ina jin ki, ban kurmance ba."

"A ina kake dafa taliyar?"

"Wace taliyar?"

"Ta kwalin nan!"

Tsohon ya gyara tsayuwa, ya dube ta da gaske. "Au, dama dafa ta ake yi?"

"Na shiga uku! To ya kake yi da ita?"

"Yadda kika ce. Ranar da kika kawo kina sauri, kika ce, 'Buɗewa kawai za ka yi, minti biyu an gama.' Ni kuwa na buɗe. Amma ki ji tsoron Allah, Amarya, wane mai haƙori ne zai gama wannan abu a minti biyu? Ni sai in kai hantsi ina gurgura. Har na ce ko dai tsufa ne ya kama ni."

"Minti biyu a kan wuta, Ango! A cikin tafasasshen ruwa!"

"Kin ce wuta? Kin ce ruwa?"

Ta tuna baya. Ba ta ce ba.

"Ato," in ji shi. Ya ɗauko leda ɗaya ya yage, ya ɗaga dunƙulen yana jujjuya shi a hasken taga kamar yadda yake duba cikin rediyo. "Ni dama akwai tambayoyin da nake ta ajiye miki. Wa ya yi mata wannan kitso? Mutum ne ke zama yana nannaɗe ta ɗaya-ɗaya?"

"Inji ne."

"To ita kazar fa? Ga ta nan an zana a jiki, ƙatuwa, tana murmushi. Na buɗe leda ba adadi, ko gashinta ban gani ba. Ko ke kike cinyewa a hanya?"

"Kazar tana cikin ɗan ƙunshin nan da ke ciki."

"Wannan mitsitsin? Kaza ta shige nan? Da ƙafafunta?"

"Ɗanɗanonta dai. Garin ɗanɗano ne, a cikin ruwan ake zubawa. Kai ya kake yi da shi, zubarwa?"

"In zubar da magani?"

"Wane magani?"

"Ni ca nake mutanen kirki ne, sun san abinsu zai ƙulle wa mutum ciki, shi ya sa suka haɗa da maganinsa. In na gama gurgura sai in kaɗa shi a baki in bi da ruwa. Ranar da cikin ya matsa, biyu nake sha."

Nan fa ta nemi kujera ta zauna. Dariya na cinta, tsoro ma na cinta, ta rasa wanda za ta fara. Ta kalli ƙafafunsa da suka cika silifas har suna zubowa ta gefe.

"Ango, garin nan kusan duk gishiri ne. Shi kake ɗura wa kanka safe da yamma. Dubi ƙafarka!"

"Ƙiba ce. Jin daɗin rabuwa da ke."

Ta ciro waya. Yana ganin haka murmushin ya bar fuskarsa.

"Amarya," ya ce, a hankali wannan karon. "In kika faɗa wa babanki, shi ke nan. Zai kai ni saman bene ya ajiye kamar tsohuwar rediyo. A gidan nan na san inda komai yake, har inda babu kowa na sani."

Tausayinsa ya kama ta, amma ta san in ta nuna zai ji kunya. Sai ta harare shi. "To ƙarya zan yi masa? Cewa ya yi dafaffen abinci."

"To ki dafa mini mana. Wace irin amarya ce wannan, kullum sai dai ta zo da kwali?"

"Ni... yau ban shirya ba."

"Miƙo jakar nan ta hannunki in gani."

Kafin ta hana ya janye ta. Gwangwanin kifi, biskit, lemon roba, da wani abu a leda mai ƙyalli da ko sunansa bai iya karantawa ba.

"La'ilaha! Wannan ne abincinki?"

"Aiki nake yi, Ango. In fita da sassafe, in dawo a gajiye. Wa ke da lokacin tsayawa kan tukunya?"

"Faɗi gaskiya dai. Me kika iya dafawa?"

"Ruwa."

"Yana nuna?"

"Wani lokaci."

Ya yi dariya har da tari. "Ashe wadda aka aiko ta duba ni ita ma a duba ta ya kamata. Kai, an cuce ni a auren nan."

"Kai da ka kai wannan shekaru ba ka san ana dafa taliya ba, har kana da bakin magana? Ka taɓa riƙe ludayi?"

"Ban taɓa ba. Kakarki ko bakin ƙofar kicin ba ta bari in taka, wai ina kawo mata ƙurar rediyo." Ya taɓa kunnensa. "Amma na san muryar girkinta."

"Murya kuma? Abinci na magana ne?"

"Zo ki gani."

Ya ja ta tsakar gida. A ƙarƙashin tagar kicin ɗin akwai wani benci da teburin aikinsa, sukundireba da 'yan wayoyi na nan a kai.

"Nan na zauna tun babanki bai yi kaciya ba, ina gyara, tana girki a bayana. Ban taɓa ganin abin da take yi ba, amma babu abin da ban ji ba. Ke kina da hannu, kin iya kunna wannan gas ɗin da nake tsoro. Ni ina da kunne. Akwai sauran shinkafarta a bokiti. Je wurin mai tebur a bakin layi ki sayo albasa da tumatir da ɗan mai, mu gani ko za a yi auren nan ko a fasa."

Ta so ta yi musu, amma son ta ga ƙarshen wannan abu ya fi ƙarfinta. Ta je ta dawo, ta kori gizo-gizo da iyalansa, ta wanke tukwane, ta ɗora shinkafa. Shi kuwa ya zauna a bencinsa, ya jingina da bango, ya lumshe ido.

"Wannan wuƙar taki ɗingishi take yi? Ta kakarki tas-tas-tas take tafiya. Ke kuwa tas... sai ki je ki yi tunani... tas."

"Yatsuna nake so, Ango. Da su nake cin abinci."

"Da su kike yage leda dai. Kin sa mai?"

"Na sa. In zuba albasar?"

"Jefa yanki ɗaya tukuna." Ya karkata kai. "A'a, tsaki kawai ya yi, bai yi zafi ba. Jira. Sake jefawa. Yawwa! Kin ji ya amsa da ƙarfi? Zuba duka."

Kicin ya ɗauki shuuu. Ta ja da baya tana kare fuska da murfi.

"Yanzu tumatir?"

"Ina! Bar ta ta gama surutunta. Albasa irinki ce, in ta shiga wuri sai kowa ya ji. Ki riƙa juyawa. Sai ta yi shiru, sannan."

"Ya za a yi in san ta yi shirun?"

"Ki yi naki shirun, za ki ji nata."

Abin mamaki, ta yi. Ta tsaya da ludayi a hannu tana kasa kunne, sai ta ji ƙarar na sauka da kaɗan-kaɗan, daga ihu ta koma raɗa.

"Ango! Ta yi! Wallahi ta yi shiru!"

"To me kike jira, sai ta fara kuka? Zuba!"

Tumatir ya shiga da faɗa, yana tsalle yana ɓata mata riga. Ya ce ta ƙyale shi, duk mai faɗa gajiya yake yi. In ya koma ɓul... ɓul... kamar tsoho na minshari, ya soyu.

"Kamar kai ke nan."

"Ni ba na minshari, tunani nake yi da ƙarfi. Duba shinkafar nan, na ji gindin tukunya ya fara ƙyas-ƙyas. Ruwa ya ƙare, rage wuta."

Ta buɗe, haka ne kuwa. "Kai, tsohon nan, anya ba maye ba ne kai? To gishiri fa, nawa take sawa?"

Tsohon ya sosa ƙeya a bayan taga.

"Ango?"

"Gishiri ba ya ƙara, Amarya. Nan kunnena ya tsaya."

"Alhamdu lillahi, yau ga abin da ba ka sani ba! To nan ni ce mai mulki. Ɗan kaɗan zan sa, ka riga ka sha na shekara guda."

Tana cikin ɗanɗanawa wayarta ta yi ƙara. Babanta ne. A waje bencin ya yi ƙara shi ma, alamar tsohon ya miƙe zaune.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba, da ba ya ci. Abin da yake ci ma sai na zo zan faɗa maka, don sai kana zaune. Amma saurari wannan." Ta kara wayar a bakin tukunya, miya na ta ɓul-ɓul ɗinta.

Can ta mayar da ita kunne. Muryar baban ta canja. "Wa ke girki a kicin ɗin Inna?"

"Ni da mijina. In na tashi daga shago nan zan riƙa biyowa, mu dafa mu ci tare, ni ma in huta da gwangwani. Gobe kuma zan kai shi a duba ƙafar. Ka bar maganar motar nan tukuna, don Allah."

Baban ya ce to, za a gani.

Ta kashe wuta, ta juya miyar juyi na ƙarshe, ta ƙwanƙwasa ludayin a bakin tukunya don abin da ya maƙale ya sauka. Ƙwan, ƙwan.

Da ta juyo, tsohon na tsaye a bakin famfo yana wanke hannu. Sai ya tsaya cak, ruwa na zuba, yana kallon hannuwan nasa.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Me?"

"Ƙwanƙwasawar."

"Miya ce ta maƙale a ludayi."

"Kakarki ba ta taɓa kirana cin abinci da baki ba," in ji shi. "In na ji wannan, sai in ajiye sukundireba in wanke hannu. Yanzu ma ban san na taso ba." Ya goge ido da bakin hannun riga. "Albasar nan taki mugunta gare ta."

"Albasar da ta yi shiru tun ɗazu?"

Ya kashe famfo, ya zo ya zauna. Ta zuba masa, ita ma idonta ya cika, ta fake da neman cokali. Ya kai loma ɗaya, ya tauna, ya kai ta biyu.

"To? Faɗi gaskiya ko da ba ka saba ba."

"Shinkafar ta kama, miyar ba gishiri, mai girkin ba kyau." Ya kai ta uku. "Ƙaro mini."

Da ya cinye ya tashi da kansa, ya taka cikin kicin ɗin da bai taɓa shiga ba, ya ɗauko ludayin ya wanke, ya miƙa mata da hannu biyu yana dariya.

"Karɓi. Na janye sakin, kin ci gida."

"In tafi da shi?"

"Ki tafi da shi ina? Naki ne, amma a nan zai kwana. Gobe in kin gama kada ki kira ni, ki ƙwanƙwasa kawai. Ina nan bayan taga."