Farfesa Sassaƙe da Ƙwaya Huɗu

Idan za a ambaci Farfesa Sassaƙe, sai a gyara zama. Ba jami'a ce ta ba shi farfesancin ba, shi ya duba cancantarsa ya ga ta kai, ya ba kansa. Yana da farar riga irin ta likitoci, da abin sauraren ƙirji da ya saya wajen 'yan gwanjo, kunne ɗaya ya ɓalle. Wannan bai dame shi ba, ya ce mai ilimi da kunne ɗaya ma yana jin motsin cuta.

Ɗakin bincikensa tukunya ce guda a bayan gida. Ganyen darbejiya, ɓawon mangwaro, ganyen gwanda, da wata saiwa da ya ce sirri ce, ko da yake kowa na ganinsa yana haƙo ta a bakin rijiya. In ya zuba ruwan a koriyar kwalba, maganin zazzaɓin cizon sauro ne. In ya zuba a fara, na tarin fuka ne. Makon da korayen kwalabe suka ƙare masa, duk wanda ya zo da zazzaɓi sai aka gano ashe tarin fuka ke damunsa.

Ran kasuwa yakan hau benci ya buɗe murya: "Jama'a! Asibiti wata shida suke watsa muku ƙwaya kamar masu kiwon kaji. Ni kwana uku! Wanda ya sha bai warke ba, ya binciki zuciyarsa." Duk wanda bai dawo ba kuwa, Farfesa ya sa shi cikin waɗanda suka warke, har da waɗanda aka kai makwanci.

Ana nan sai tari ya yi rashin kunya ya kama Farfesa kansa. Ya sha farar kwalba, ya sha koriya, ya gauraya su ya sha. Mako huɗu, wando ya fara zame masa. Wata rana ya yi tari, sai ga jini a hankici. Yana tsoron mutuwa ƙwarai, amma ya fi tsoron a ji.

Yayarsa ce ta gane. Ita ta goye shi yana jariri, don haka ba ta san wani Farfesa ba, Auta take ce masa. Ta tasa shi gaba zuwa wani asibiti mai nisa, ya naɗe fuska da gyalenta kamar mai ciwon haƙori. Aka gwada kakinsa, aka ce tarin fuka ne. Malamar asibiti ta yi bayani: ƙwaya huɗu kowace safiya, ba fashi, kuma ƙa'ida ce sai wani ya tsaya a kansa ya ga ya haɗiye, ya sa alama a kati. Yaya ta karɓi katin ta cusa a jaka, ta ce wannan aikin nata ne.

Wata biyu, kumatu suka dawo, murya ta dawo, girman kai ma ya dawo da ƙari. Ran kasuwa ya yi sammako ya sulale kafin Yaya ta iso da ruwa. Ya hau bencinsa ya bugi ƙirji.

"Kun ga yadda na rame? Da gangan na bar cutar ta shige ni, don in gwada maganina a jikina! Wane likita ne ya taɓa yi muku haka? Ku dube ni yanzu!"

Wani tela ya matso riƙe da hannun mahaifiyarsa, tsohuwa tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Farfesa ya miƙa masa farar kwalba, tela ya karɓa hannu biyu.

Nan taro ya dare. Ga Yaya tana haki, kofin ruwa a hannu ɗaya, kati da ƙwayoyi a ɗayan.

"Auta, sauko. Ka fito ba ka sha ba."

"Yaya, ina tsakiyar lacca..."

"Laccar gidanku. Malamar asibiti ta ce in ka tsallake, cutar dawowa za ta yi da ƙarfinta. Ni ba zan binne ƙanena ba. Buɗe baki."

Farfesa ya dubi jama'a, ya dubi ƙwayoyin nan huɗu a tafinta. Ya tuna jinin hankici. Ya sauko, ya buɗe baki, ya haɗiye, duk kasuwa na jin wucewar ruwa a maƙogwaronsa.

"Ɗaga harshe in gani."

Ya ɗaga. Ta leƙa, ta sa alama a kati.

Tela ya ajiye kwalbar a hankali a kan benci, ya dubi Yaya. "Inna, don Allah wace mota ake hawa zuwa asibitin nan?"

"Ka zo da ita ran Litinin da safe, ku bi Farfesa," in ji Yaya. "Ranar zai kai kakinsa. Ya san hanya, har layin da ake bi ya sani."