Bulon da Aka Riga Aka Tsaga

"Lafiya lau, in ban da ganinki," in ji taubashina, ɗan kawuna, yana kwance wata fanka a shagonsa. "Yau kuma wa kika zo nakasawa?"

Na ce bawa ba ya tuhumar uwargijiyarsa. Na ajiye masa mujallar yara da na ƙwace a hannun 'yata, na buɗe shafin taurarin finafinan kareti, na ce ya karanta in bokon nasa bai bi ruwa ba.

Muna 'yan shekara sha biyu muka ga jarumin wani fim ya sare bulo da hannu. Ni na ɗauko masa bulon gini, na ce in bai fasa ba, ba namiji ba ne. Ya sara. Yatsu biyu suka karye, suka ɗoru a karkace, kuma saboda su aka ƙi ɗaukarsa soja. Yau ga mujalla tana gaya wa yara ƙiri-ƙiri cewa bulon fim tsaga shi ake yi tun farko, a liƙe. Mu a lokacinmu wa ya gaya mana? Sai dai hoton ƙato yana tashi sama.

Ya karanta sau biyu, yana bin layin da karkataccen yatsan. Ya ce hassadar masu alƙalami ce, shi ma ai ƙiris ya rage, har bulon ya yi ƙara. Na ce ba bulon ne ya yi ƙarar ba, duk unguwa ta ji wanda ya yi.

"Da yanzu ni janar ne, kina goge min takalmi."

"Kai da kaza ke kora? Allah ne ya rufa wa soja asiri."

Ya kalli hoton jarumin, ya ce a hankali, "Ashe kallon kitse muka yi wa rogo."

Haƙuri na zo ba shi, tun daga gida nake bitar kalmar. Amma tsakanin taubasai ba ta da wurin zama. Na dai daure na soma, "Ka ga, ni fa tun ranar nan..."

"Kul," ya ce. "Shekara talatin da biyar ina da abin goranta miki, shi ma ki zo ki karya?"

Ya yi dariya har da tari, ya turo min kujera da ƙafa, ya ce in zauna in riƙe masa wayar fankar, tunda ni na cinye yatsun.