Tambayar da Na Yi wa Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙaddamar da shafin intanet na ƙungiyar mata 'yan kasuwa a unguwar Jabi ta Abuja ba. Ko na so in manta, ƙawayena ba za su bar ni ba.

Shafin dama akwai shi, hotunan atamfa da turaren wuta ne kawai a ciki. Aikina shi ne in ƙara wurin rajista da shiga, kowace mamba ta samu asusunta da kalmar sirrinta. Shugabar ƙungiyar kuwa, Hajiya Turai, Bakatsiniya, ita ce mahaifiyar wanda zan aura (lokacin maganar ba ta fita ba, manya kaɗai suka sani). Kun ga ke nan ba shafi kaɗai zan nuna ba, kaina zan tallata: ga suruka mai ilimi da natsuwa.

Na san matan nan sai sun manta kalmar sirri, don haka na sa tambayar tsaro, wadda in ba a amsa ba rajista ba za ta kammala ba: "Mene ne sunan ɗanki na fari?" Wace uwa ce za ta manta wannan? Har jinjina wa kaina na yi. (A Abuja na tashi, kuma a gidanmu Mama gatsau take kiran sunan yayanmu.)

Ranar taro ɗaki ya cika, majigi na haska bango. Aka ce shugaba ce za ta fara. Tana faɗa ina bugawa, komai sumul, har muka iso tambayar. Na karanta da ƙarfi, ina murmushi.

Hajiya ta gyara mayafi. "A wuce wannan."

"Ba ya wucewa, Hajiya. Ni na tsara shi haka, don tsaro."

"'Yar nan, a wuce dai."

Sakatariyar ƙungiya, Madam Rahila, ta sunkuyo ta raɗa min, "Hajiya ba ya faɗin sunan yaron fa, kunya ne." Mai hankali da nan za ta tsaya. Ni kuwa sai na ga ai matsala ce ta samu gwana.

"Babu damuwa, ai na san shi," na ce, makirufo a bakina. "Sadiq ɗina ne."

Ɗina. A gaban uwarsa. Ga sunan kuma ɓaro-ɓaro a bango, da hannuna na buga shi.

Wata dattijuwa ta fara salati, wata a baya ta rangaɗa guɗa. Auren da manya ke rufewa, ni na sanar da shi da lasifika. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma na ɗauka shi ke nan an fasa. Hajiya ba ta ko dube ni ba, cewa kawai ta yi, "To, an yi rajistar?"

An yi. Auren ma an yi, sai dai har yau "Mai Tsaro" take kirana. Tambayar kuwa a ranar na cire ta, kuma tun daga nan ba na sa wa mutane tambaya sai na fara gwada ta a kan wata dattijuwa.

Bara na haifi ɗan fari, aka sa masa sunan mijin Hajiya. Da ta zo barka, ta karɓe shi ta dube ni a gaban mata, fuskar nan ba alamar dariya.

"Mai Tsaro, mene ne sunan ɗanki na fari?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, a wuce wannan."